Barcin Kwamfutar Mai Hoto

Duk layin, Gwaggo suke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ɗinki take yi a wani ɗan shago da labule ya raba biyu. Gaba kekenta ne da tarin yaduka, baya kuma wurin mijinta, Mai Hoto, da farin ƙyallen da yake tsayar da mutane a gabansa, da teburin kwamfutarsa. Shekaru suka yi a haka, ita tana taka keke, shi yana ce wa mutane su ɗaga haɓa.

Mai Hoto ya koyi sana'arsa tun zamanin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu, kuma da kwamfuta ta zo bai bar ɗabi'ar can ba. A can ba a tsame hoto daga ruwan wanki sai ya fito sosai. To haka ya ɗauki maɓallin ajiya, ba ya danna shi sai aiki ya kammala. 'Yar wan Gwaggo, wadda ke da shagon gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, ta sha yi masa magana.

"Baba, wata rana sai wannan halin ya sa ka kuka."

"Ke Injiniya, ana ajiye ɗanyen aiki ne?"

Aikinsa na ƙarshe hotonsu ne na ƙuruciya, shi da Gwaggo, wanda ba su da wani irinsa. Yoyon rufi ya jiƙa shi ya manne da gilashi. Ya ɗauke shi da sikana, na'urar kwafar hoto, kai tsaye zuwa manhajar gyaran hoto, da ya zo ɓamɓare takardar kuwa ta dagargaje a hannunsa. Ya fara da ɓangarenta. Ya goge tabon ruwa daga goshinta, ya mayar mata da zanen ɗankwalinta tsaf. Ya zo kan nasa ɓangaren ke nan ciwon ƙirjin ya tashi. Ya rufe murfin kwamfutar ya ce, "Kada ki kashe ta, barci take yi. In na dawo daga asibiti zan ƙarasa nawa."

Bai dawo ba.

Da masu ta'aziyya suka watse, Gwaggo ta ɗaga labule ta tarar da wata 'yar fitila a gefen kwamfutar tana haske tana dushewa a hankali, kamar mai numfashi. Ta ɗaga murfin, sai ga su nan su biyu. Fuskarta fes, tasa rabi cikin tabo, 'yar kibiyar linzamin kwamfutar tana kan wuyan rigarsa, daidai inda hannunsa ya tsaya.

Daga nan abin ya zama mata aikin kowace safiya. Ta buɗe shago, ta share, ta ɗaga murfin ta duba, ta rufe, sannan ta hau keke. Ba ta taɓa ko maɓalli ɗaya. In aka ɗauke wuta aka daɗe, sai ta naɗe kwamfutar a zane ta kai shagon mai aski, da yake shi yana da sola.

"Gwaggo, an kawo jaririyar?"

"Rage surutu kada ka tashe ta. Ina soket?"

Watanni suka shuɗe. Sai murfin ya daina rufuwa daidai, ƙasan kwamfutar ya ɗan kumbura. Wata safiya kuma ta ɗaga murfin allon ya tsaya baƙi ƙirin, ya daɗe, har ta zauna a kujerar masu ɗaukar hoto, kafin fuskokin su fito. Ranar ba ta yi ɗinki ba. Ta naɗe ta ta nufi bakin kasuwa.

Injiniya ta juya kwamfutar a hankali, ta shafa kumburin, ta ja tsaki.

"Batirin ya gama aiki. Amma ba shi ne ya fi ba ni tsoro ba. Gwaggo, kin san inda hoton nan yake?"

"A ciki mana."

"A ciki, amma ba a ma'ajiya ba. Wuri biyu ne. Akwai ƙwaƙwalwa, ita ke riƙe abin da ake kan yi, kuma ba ta riƙewa sai da wuta. Akwai faifan ajiya, shi ko babu wuta abin da aka sa masa yana nan. In kwamfuta ta yi barci, manhajar da ke tafiyar da ita tana yanke wa faifan wuta don batir ya daɗe, ta bar wa ƙwaƙwalwa 'yar kaɗan. In an ɗaga murfi sai ta tashe shi. To faifan nan ya fara nauyin barci, shi ya sa kika ga ta daɗe yau. Ranar da aka tashe shi bai amsa ba, kwamfutar za ta daskare, dole a kashe ta. Baba kuwa bai ajiye komai ba."

"Ai bai gama ba ne."

"Na sani."

"Cewa ya yi kada na kashe ta."

"Ban ce ki kashe ta ba tukuna, Gwaggo. Cewa na yi a ajiye. Yau ta tashi, gobe ban sani ba."

Gwaggo ta hau gyara bakin zanen da ta naɗo kwamfutar. Tunda suke Mai Hoto bai taɓa barin kowa ya danna masa maɓallin ajiya ba. Duk safiyar da ta ga aikin a buɗe, gani take yi kamar ya fita ne ya sha iska a ƙofar shago.

"In aka ajiye, kibiyar nan za ta tsaya a wuyan rigar?"

Injiniya ta girgiza kai. "Hoton kawai ake ajiyewa."

Suka ɗaga murfin. Allon ya sake tsayawa baƙi. A waje masu dako suna ihun a ba su hanya. Can hoton ya fito. Injiniya ba ta yarda da faifan ba, ta soka filash, wata 'yar ma'ajiya ta daban, a gefe, ta shirya komai da maɓallai ba tare da ta motsa linzamin ba, sannan ta ɗauke hannunta.

"Saura wannan babban maɓallin. Ni zan danna ko ke?"

"Matsa can. Da can ma bai yarda da ke ba."

Gwaggo ta sa yatsan da allura ta sha hudawa ta danna. Injiniya ta zare filash ɗin, ta buɗe hoton a tata kwamfutar ta nuna mata, sannan ta kashe kwamfutar Mai Hoto don ta cire batirin. 'Yar fitilar ta mutu.

Bayan kwana biyu Injiniya ta kawo kwamfutar shagon ɗinki da sabon batir. Ta gyara saitin yadda ba za a ƙara jefa faifan cikin barci mai nauyi ba. Ta zo da hoton ma a takarda.

"In kina so na ƙarasa fuskar Baba, ba wani aiki ba ne."

"Bar shi yadda ya bari."

Injiniya ta buɗe hoton a allo, ta rufe murfin, fitilar ta soma haske tana dushewa kamar da.

"Kin gani? Ta koma barcinta."

Gwaggo ta daɗe tana kallon fitilar. "Wancan shi ya kwantar da ita," ta ce. "Wannan ke ce. Kashe ta, 'yar nan, kada ta ci wuta a banza."

Hoton yana rataye yanzu a kan farin ƙyallen nan, ita fes, shi rabi cikin tabo. Masu kawo ɗinki kan tambaye ta me ya sa ba a gyara ɓangaren mijin ba, ta ce musu mai gyaran ne bai ƙarasa ba. Mai aski ya ce har yanzu in aka ɗauke wuta yakan ga ta tsayar da keke ta miƙe, ta kai hannu ga labulen, sannan ta koma ta zauna.