Tari Ba Hujja Ba Ne

Mijin Yayata ba lauya ba ne, amma in ka ji yana magana sai ka rantse shi ya haifi doka. Ya yi karatun lauya da gaske. Ya zauna jarrabawar ƙarshe ta kayar da shi, ya sake zama ta sake kayar da shi, sai makarantar ta ji tausayinsa ta ba shi tebur a ofishin tsara azuzuwa. Tun daga nan duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi sai ya ji labarin yadda saura ƙiris ya zama lauya, har sunan ya bi shi. Ɗalibai suna ce masa Saura Ƙiris a bayan idonsa. Ni da nake ƙanwar matarsa a gabansa nake faɗa, tunda akwai wasa tsakaninmu. A da in na faɗa da dariya nake faɗa.

Aikinsa bai wuce ya san wane malami zai shiga wane ɗaki ba, sai riƙon makullai. Amma kullum cikin baƙar kwat yake, komai zafin rana, da jakar hannu wadda na taɓa leƙawa na tarar ba komai ciki sai caja da rabin biskit. Ko gishiri ne ya yi yawa a miya ba ya iya cewa ya yi yawa, sai ya gyara zama ya ce wa Yaya, "A bisa hujjojin da ke gabana, an yi sakaci." Yaya mace ce mai haƙuri, irin haƙurin nan da yake ba ni haushi. Sai ta yi murmushi ta miƙa masa ruwa.

Innarmu a gidansu take zaune. Tana da ciwon suga, ƙirjinta kuma ko hayaƙin turare ba ya so. Ni ɗakina yana saman shagon ɗinkina ne, matakalar ta fi ƙarfin gwiwoyinta. In faɗi gaskiya, bai taɓa nuna mata ƙyashin zaman ba. Kowace yamma in ya dawo sai ya shiga ɗakinta ya gaishe ta, ya ja kujera har bakin gado, ya ba ta labarin yadda ya gyara wa wani farfesa kuskure. Ita kuma da kunyar suruki sai ta sunkuyar da kai tana cewa, "Allah ya ƙara sani, Malam." Ya sami mai sauraron da ba ta katse shi, abin da ke kai shi ɗakin ke nan.

Da annoba ta zo aka rufe makarantar, karatu ya koma ta waya da kwamfuta. Duniya tana tsoron mutuwa, shi abin da ya dame shi babu ƙofar da zai buɗe, babu ɗalibin da zai ce wa ya dawo gobe. Har ramewa ya yi. Sai ya zauna a falo, kwat a sama, gajeren wando a ƙasa, yana jiran a kira taro, in an kira kuma a kashe masa makirufo.

Ana nan, cutar ba ta je ko'ina ba, asibitoci a cike, sai manyan makarantar suka ce lauya ba ya koyon tsayuwa gaban alƙali ta gilashin waya, dole ɗalibai su dawo aji. Wataƙila suna da gaskiya, ban sani ba, ni tela ce. Aka kafa kwamitin dawowa, aka ba Saura Ƙiris sakatare. Abin nema ya samu. A ranar da kansa ya goge takalmansa.

Ni na ɗinka musu takunkumin fuska, baƙaƙe masu hoton sikeli a gefe, ranar da aka buɗe kuma na kai da kaina, shi ya sa na ga abin da idona. A bakin ƙofa akwai bokiti mai famfo, babu sabulu. A ƙasa an manna jan tef layi-layi, ɗalibai sun taru a kansa suna rungumar juna, an daɗe ba a haɗu ba. Babban ɗakin da suke gwajin shari'a tagoginsa a liƙe suke saboda na'urar sanyi, na'urar kuma ta mutu tun kafin annoba. A cikin wannan ɗaki na tarar da malamai manya, masu furfura, kowa da takunkumina a haɓa, suna musu. Dokar da kwamiti ya kafa ta ce kowa ya sanya takunkumi a fuskarsa. Wani ya ce haɓa ai fuska ce, in da hanci ake nufi da an ce hanci. Wani ya ce a'a, a duba manufar dokar. Suna yi suna feshin yawu, mijin Yayata yana tsakiya yana gyaɗa wa kowane ɓangare kai, baƙin cikinsa ɗaya, kada musun ya ƙare.

Can baya wata ɗaliba tana ta tari kamar ƙirjinta zai tsage. Na taɓa shi na ce, "Saura Ƙiris, waccan fa? Ba za ku ce ta tafi gida ba?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke dai ki tsaya a kan kekenki. Tari ba hujja ba ne. A nan gidan mutum lafiyayye ne har sai an tabbatar da akasin haka."

"To ku gwada ta mana."

"Wanda ya yi zargi shi ke kawo hujja. Kina da ita?"

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ya ɗauki ƙa'idar da aka yi don kada a ɗaure marar laifi, ya yafa wa cuta. Da haka ya tafiyar da makarantar, ba a gwada kowa ba, don haka ba a sami kowa da cutar ba, har shugaban makarantar ya yaba masa a gaban taro. Ya zo ya ba Inna labarin yabon, yana zaune a bakin gadonta.

Ba a jima ba na je gidan da rana na ji ƙauri tun daga ƙofa. Na same shi a falo yana gugar kwat ɗinsa, dutsen guga ya cinye hannun rigar, hayaƙi yana tashi a ƙarƙashin hancinsa, shi kuwa yana ta kallon waya. Idanunsa sun yi ja, yana share gumi.

Na ce, "Ba ka jin ƙauri?"

Ya ja hanci ya ce, "Wane ƙauri?"

Ko yaron goye ya ji a rediyo cewa cutar nan tana ɗauke jin wari. Yaya ta fito daga kicin, muka haɗa ido. Cikin ladabi, kamar mai roƙon alfarma, ta ce, "Malam, don Allah ko za ka koma ƙaramin ɗaki na 'yan kwanaki? Abinci zan riƙa ajiye maka a ƙofa. Ɗakin Inna kuma ka ɗan dakata da shiga, ka san ƙirjinta."

"A kan wane laifi za a tsare ni a gidana ba tare da shari'a ba? Mura ce."

"To mu je a gwada, hankalin kowa ya kwanta."

"Ba a tilasta wa mutum ya ba da shaida a kan kansa. Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya."

Na ce zan tafi da Inna, ko goya ta ne zan yi in hau da ita. Inna ta ji mu daga ɗaki, ta kira ni ta ce in rufa mata asiri, ina ita ina gudun surukinta kamar wani kuturu, me mutane za su ce. Na yi faɗa, na yi kuka, ta ce in tashi in ba ta wuri. Da yamma, don ya nuna mana bai karɓi tuhumar ba, ya shiga ya gaishe ta kamar kullum. Yaya ta ce ranar ya fi kowace rana daɗewa, yana tari yana yi mata bayanin 'yancin ɗan Adam, ita kuma tana cewa, "Sannu, Malam. Allah ya sawwaƙe."

Shi kwana kaɗan ya yi yana zazzaɓi ya miƙe, ya sayi sabuwar kwat ya koma aiki. Inna ce numfashi ya gagara. Muka kai ta asibiti, suka gwada, suka ce cutar ce, suka shige da ita wani ɗaki suka rufe. Ta taga muke hango ta, an rufe mata fuska da robar iska, tana ɗaga mana yatsu. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta riƙe mata hannu da ta cika. Mu da ta haifa ba a bar mu mun taɓa ta ba. Na tsani mijin Yayata a ranar, kuma har yau ban nemi tsanar ta ragu ba.

Washegarin binne ta, wani abokin aikinsa ya zo gaisuwa. Muna zaune a falo nesa-nesa da juna, Yaya ta kawo ruwa. Baƙon bai tambayi komai ba, Saura Ƙiris ne ya fara.

"Ka san a shari'ance babu wanda zai iya cewa ga ta inda cutar ta shigo gidan nan. Akwai kasuwa, akwai masu zuwa gaisuwa, ga wannan ma mutane iri-iri suke shiga shagonta. Ni kuwa ba a taɓa samuna da komai ba." Ya juyo gare ni. "Ke da kike ta hararata tun jiya, kina da hujja?"

Na buɗe baki, amma Yaya ta riga ni. Tun da aka yi aurensu ban taɓa jin ta sa baki yana magana da baƙo ba. Ba ta ɗaga murya ba, kofuna take tattarawa.

"Hujjar ai jiya muka binne ta, Malam."

Ta ajiye tiren a kan tebur, ta shiga ɗakin Inna ta rufe ƙofa. Saura Ƙiris ya gyara wuyan kwat ɗinsa, ya yi 'yar dariya, ya ce wa baƙon mata akwai gaggawar yanke hukunci. Baƙon ya tashi ya nemi takalmansa.