Ranar da Shaame ya faɗi wurinsa

A tsibirinmu na Pemba, masunci zai ba ka abincin bakinsa, amma ba zai gaya maka inda yake kama kifi ba. Uba ke nuna wa ɗansa, shi ma sai ya ga ƙarfinsa ya fara ƙarewa.

Bi Mtumwa ce ke riƙe da rediyon oba-oba na rumfar masunta, shekara goma sha tara ke nan. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta iya iyo ba, ba ta taɓa shiga kwale-kwale ba. Layi na goma sha shida na neman ceto ne kawai, kuma duk jirgin da ke teku yana jin sa. Wanda ya hau yana tambayar farashin kifi, sai ya raina kansa a hannunta.

Da hantsi ina fere kifi a gefen rumfar sai muryar tsoho Shaame ta fito: "Mede, mede, mede!" Kiran neman ceto ke nan. Katakon jirginsa ya ɓalle, ruwa na shiga, mutum biyar ne a ciki. Mijina na cikinsu.

Bi Mtumwa ta amsa: "Na ji ka, Shaame. Kuna ina?"

"Muna teku."

"Da na ɗauka kuna kasuwa! Ina a tekun?"

Ya ƙi faɗa. Wurin kamun kifin kakansa ne, ga kunnuwan masunta arba'in a buɗe. Na fasa ihu, ta ɗaga mini hannu ba ta ko kalle ni ba. Ta danna madannin, ta fara kiran sunan mutanen jirgin ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan uwarsa da na 'ya'yansa, a hankali kamar mai karatu. Ban taɓa jin murya irin wannan ba. Da ta kai kan jaririyata, ta saki madannin.

"Inda bishiyar kukar garin Tumbe ta rufe hasumiyar masallaci," in ji Shaame, yana kuka. "Gaba goma sha biyu zurfinsa."

Jirage tara suka juya. Kafin azahar an tsamo su biyar ɗin, suna rungume da jarkoki.

Sannan Bi Mtumwa ta sake hawa layin: "'Yan'uwa, abin da kuka ji, don ceto aka faɗe shi. Kun ji ni?"

Shekara bakwai yanzu. Kowa ya san wurin, kifinsa har gobe yana tsalle. Jirage kan kewaye shi su wuce, babu wanda ya taɓa jefa koma a can sai Shaame.