Maguɗin da Aka Ce Na Yi a Gindin Dalbejiya

Karatuna bai wuce aji uku na firamare ba, shi ma rabinsa a bakin kogi na yi shi. Amma a dara, tun ina saurayi nake wahalar da mutanen Wudil. Shi ya sa da 'yata, mai karatu a jami'ar garin nan, ta saka mini darar Bature a waya, wadda suke kira ces, ban daɗe ba na fara cin mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba.

Da ƙungiyar ɗalibansu ta shirya gasa ta intanet, sai ta sa sunana. Sharaɗin da ta faɗa mini shi ne a bar kyamara a kunne, don wasu na ɓoye wata waya suna tambayar na'ura abin da za su tura. Na ce wannan ai sata ce, a kama su.

Ranar gasa na shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar majalisarmu. A wurinmu ba a dara shiru. Biyu ke zaune, amma duk na tsaye yana da baki a ciki, wanda ya yi shiru ma sai an tambaye shi ko lafiya.

Mai kifi ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Alhaji, tura dokin nan."

Mai facin taya ya ce, "Rabu da shi, tarwaɗa kawai ya sani. Fito da sarauniya."

Na fito da ita, aka cinye. Da ƙyar na ƙwaci wasan.

Bayan la'asar malamin da ke kula da gasar ya kira ni. Ya gaishe ni har da tambayar iyali, sannan ya ce, "Baba, an cire ka. Ka samu taimako daga waje, dokarmu kuma maguɗi take kiransa."

Na ce, "Ɗan nan, taimako? Mutumin da har yau yake zaton doki miƙe yake tafiya? Ku da kuke tsoron na'ura, kun kama mai faci."

Ya ce doka ba ta duba ko shawarar mai kyau ce. Da furfurata, aka liƙa mini jan tambari a gefen suna, abokan 'yata duk suna gani. Na yi rashin ji iri-iri a rayuwa, amma ba a taɓa kirana mai maguɗi a kan dara ba.

Daga baya ya ce za a goge tambarin in na yarda na sake bugawa a ɗaki ni kaɗai, ƙofa a rufe. Wato in tashi in ce wa mutanen da muka tsufa tare su matsa, su ne kayan satata. 'Yata ta roƙe ni har da hawaye. Na ce ta gaida malamin nata, ta ce masa ya bar tambarinsa inda yake.