Janar Aubin Charmoy da Girbin Inabin 1793

Ran da labari ya iso, Perrine, matar Janar Aubin, tana wanki a bakin rafi. Wani mai keken doki ya tsaya, ya cire hula, ya ce, "Uwar Blaise, sun gama da shi a Paris." Ta matse rigar da ke hannunta, ta shanya, sannan ta zauna a ƙasa.

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Aubin Charmoy a shekarar 1748 a wani ƙauyen manoman inabi kusa da Auxerre. Mahaifinsa Edme mai haɗa gangunan katako na zuba ruwan inabi ne, sunan mahaifiyarsa Reine. Karatunsa bai wuce ɗan abin da fada ya koya masa a coci ba, domin tun yana yaro ba ya iya zama wuri ɗaya.

Aikin Soja da Aure

A 1766 ya shiga rundunar sarki, ya tsufa a muƙamin saje, saboda a zamanin ɗan talaka ba ya zama hafsa, ko da shi ke koya wa hafsoshin riƙon bindiga. Ya dawo gida da takaici a 1783, ya auri Perrine, suka haifi 'ya'ya uku.

Juyin Juya Hali

Da talakawa suka tashi a 1789 suna neman 'yanci da daidaito, Aubin ya daina gama cin abinci a zaune. A 1791 samarin yankin suka fita aikin soja na sa kai, kuma bisa al'adar 'yan sa kai, su ke zaɓen shugabansu da ƙuri'a. Shi suka zaɓa.

Perrine ta ce, "Maigida, da wannan furfurar taka?"

Ya ce, "Na gaji da sara wa hafsoshi 'ya'yan sarauta masu hoda a gashi. Bari ɗan mai ganga ya ba da oda ko sau ɗaya."

Bayan shekara biyu ya zama janar, aka ba shi tsaron wata gada a iyakar arewa.

Girbi

Da kakar 1793, inabi ya nuna a gida, babu masu tsinka sai mata da tsofaffi. Sansani ya rikice, mutane na ta kai da kawo suna duban kudu. Kofur Fiacre, maƙwabcinsa, ya tare shi ya ce, "Baba Aubin, mu muka zaɓe ka fa. In inabin nan ya ruɓe, 'yanci za mu dafa wa yara?"

Aubin ya san janar ɗin da ya rasa wurin tsaronsa a lokacin, kansa zai bayar. Duk da haka ya sallami rabinsu, bisa alkawarin su dawo da zarar an gama. Ruwan sama ya jinkirta girbi, abokan gaba suka kawo hari, gada ta faɗa hannunsu.

Wakilin gwamnati ya iso daga Paris, ya ce, "Ɗan ƙasa Janar, ina sojojin jamhuriya?"

Ya ce, "Suna tsinkar inabin jamhuriya."

Mutanen sun dawo, ba wanda ya saɓa, amma sun tarar an riga an wuce da Aubin Paris.

Rasuwa

An yanke masa hukuncin cin amanar ƙasa, aka fille kansa a watan Nuwamba na 1793, yana da shekara arba'in da biyar. A rami ɗaya aka binne shi da sauran waɗanda aka kashe ran nan, ba wanda ya san wurin. Ya bar ɗansa Blaise da 'yarsa Edmée. Autansu Colas ya riga shi rasuwa.

Perrine tana nan a ƙauye. A dandali akwai itacen da aka dasa da sunan 'yanci, kuma kullum in ta dawo daga rijiya takan zuba masa ɗan ruwa a gindi. Fiacre ya taɓa ce mata, "Uwar Blaise, ki bar shi ya bushe mana." Ta ce, "Ba itacen ne ya kashe shi ba." Ta ɗauki tulunta ta wuce.