Yini Ɗaya a Madani da Inna

Furfura ta gama cinye mini kai yanzu, na manta abubuwa da yawa, amma yinin da muka yi a Wad Madani ba zai taɓa fita daga raina ba.

A Jidda aka haife ni, unguwar Ammariyya, kuma ni ne ɗan fari. Innarmu Bahaushiyar Sudan ce, aure ya kawo ta. Saboda kunyar ɗan fari ba ta kiran sunana, ba ta kuma neman abu a wurina kai tsaye. Ina zaune gabanta za ta ce da ƙanwata, "A ce da wancan ya zo ya ci abinci." Ni da na tashi cikin 'ya'yan Larabawa, dariya abin yake ba ni.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina aikin sito a tashar jiragen ruwa, idanun Inna suka fara mutuwa. Likita ya ce sai haƙuri. Ta ce tana son ta ga danginta tun tana iya bambance fuska. Muka haye teku mu uku, ni da ita da ƙanwata, muka shiga babbar mota a Bur Sudan, muka bi tsohuwar hanyar alhazai. Su suna tahowa, mu muna komawa. Mun sha jijjiga har ƙashin bayana ya daina jin komai, amma tafiya ce mai daɗi.

Da hantsi muka shiga Madani. Direba ya ce zai yi gyara, ana sallar la'asar za mu tashi, kuma daga nan hanya ta rabu da kogin Nilu. A garin nan Inna ta yi ƙuruciyarta, gidansu daf da ruwa, kafin danginta su ƙaura can gaba. Na san da haka, amma lokacin kaina rawa yake yi, ga sabuwar kyamara a wuya. Na ɗauko mana keken doki, na ce yau sai mun ga gari kaf.

Muka ga tashar jirgin ƙasa, muka ga auduga jibge kamar tsauni, muka bi wani titi da itatuwan darbejiya suka rufe shi ruf. Inna ta karkata wajen ƙanwata ta ce, "Can gabas iska ta fi sanyi." Na ɗauka zafi ne ya dame ta, na sayo mata lemo. A kasuwa ta sake cewa, "Ko har yanzu mata na wanki a gangare?" Ni sarkin wayo na ce, "Ruwa ai ruwa ne, ba teku guda muka baro a Jidda ba? Yalla, saura babban masallaci." Ƙanwata ta mintsine ni, na harare ta. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Aka kira la'asar, na ce wa mai keken ya nufi wajen motarmu. Sai Inna ta kama hannuna, ta kira sunana. Sunana na yanka, ƙarara, a tsakiyar titi. Ta ce, "Kai ni bakin kogi."

Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, kuma nan take na gane tun safe roƙona take yi. Na tura ƙanwata ta ba direba haƙuri. Mutumin kirki, ya ce, "Halas, shi ke nan, su yi sallarsu a can, zan jira."

Da muka isa, Inna ta tuɓe takalma ta shiga ruwan har ƙwauri. Ta daɗe tana kallo, ta kare ido da tafin hannu. Ta ce, "Ina ganin ƙyallinsa. Wancan baƙin abin, saniya ce?" Na ce kwalekwale ne. Ta yi dariya har da hawaye. Ta kamfato ruwa ta sha, ta kamfato ta miƙo mini. Ni da na girma da ruwan garwa na ɗan garuwa, ban taɓa tsammanin akwai ruwan daɗi mai yawa haka, yana tafiya abinsa babu mai shi. Ta yi alwala, muka yi salla a kan yashi. Hoto ko ɗaya ban ɗauka ba, na ma manta da kyamarar.

Kafin azumin da ya biyo baya idanun suka rufe gaba ɗaya. Ta rayu shekaru bayan haka, ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Takan ce ta ga danginta, ta ga ruwansu, me ya rage.

Saura ƙiris na hana ta wannan, ba don mugunta ba, don rashin saurare. Tun daga ranar, in babba ya ambaci abu sau biyu kamar da wasa, nakan ajiye abin da ke hannuna na tambaye shi. Mai kunya ba ya roƙo da ƙarfi, kuma ba kullum ake samun direban da zai jira ba.