Tambayar da Na Fitar Waje

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda ya san nauyin kowane abu tun ba a ɗora shi a ma'auni ba, wanda abin da bawa ya ɓoye wa mutane bai ɓuya gare shi ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga cikamakin manzanni, da iyalan gidansa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, na shafe mafi yawan rayuwata ina koyar da lissafi a garin Kafanchan, da farko a sakandare, daga baya a kwaleji. Fannin da aka fi sanina da shi shi ne kalkulas, wato lissafin da ke auna saurin canzawar abu: gudun abin hawa a wani takamaiman lokaci, ko yadda ruwa ke raguwa a tanki. Har yau mutane na tsayar da ni a kasuwa suna cewa ni na koya musu. Ina amsa gaisuwarsu, amma akwai abin da ba su sani ba, shi nake son rubutawa kafin ƙarfina ya ƙare.

A zauren mahaifina na tashi, Allah ya jiƙansa. A can na saba da cewa kowane ilimi yana da matani, gajerun baitoci da ɗalibi zai haddace. Da na shiga aikin koyarwa sai na ɗauko wannan hanya. Na zauna na tsara ƙa'idojin kalkulas a baitocin Hausa, ɗalibai suna rerawa tare suna buga benci:

Sauke na bisa ka aje shi gaba,
Ka rage masa ɗaya, aiki ya ƙare.

Yara suna so, suna kuma cin jarrabawa. Ni ma ina jin daɗin yadda sauran malamai ke leƙowa ta taga. Abin da na manta shi ne, a zaure ba a tsayawa ga matani. Bayan hadda akwai sharhi, inda malami zai warware baiti kalma bayan kalma har ɗalibi ya ga dalili. Ni matani kawai nake bayarwa, domin gaskiyar magana ni ma shi kaɗai aka ba ni.

A ajin ƙarshe na sakandare akwai wata ɗaliba, 'yar wani manomin citta daga wani ƙauye da ke bayan gari. Ita kaɗai ce mace a cikin waɗanda suka zaɓi lissafi mai zurfi, darasin da ba a tilasta wa kowa. Burinta ta karanta aikin injiniya, kuma ta san wannan darasi ne zai share mata hanya. A lokacin saura 'yan makonni a rufe rajistar jarrabawar fita, kowane ɗalibi yana tabbatar da darussan da zai rubuta.

Wata safiya ina nuna musu asalin ƙa'idar a allo, kamar yadda take a littafi. Akwai wata 'yar tazara da ake raba lissafin da ita, sannan a ƙarshe a ce ta tafi sifili. Na gama na juyo domin mu rera baiti, sai na ga hannunta a sama.

Ta ce, “Sa, wannan ƙaramin abu, shi ziro ne ko ba ziro ba ne?”

Na ce, “Yana tafiya zuwa sifili.”

“Amma Sa, a sama kun raba da shi. Ku ne kun ce mana ba a raba da ziro. A ƙasa kuma kun share shi kamar ziro ne. Wanne ne gaskiya?”

Na dubi allo, na dubi abin da hannuna ya rubuta shekara da shekaru, na tarar ba ni da amsa. Mahaifina, in aka yi masa tambayar da ta fi ƙarfinsa, yakan rufe littafi a gaban almajiransa manya masu furfura ya ce bai sani ba, a ba shi kwana biyu ya tambayo. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Amma ni abin da ya fito daga bakina shi ne:

“Ke kin fi waɗanda suka rubuta littafin sani ne? Mutum bai haddace ba ya tsaya jayayya. Fita ki tsaya a waje.”

Ta tattara littafinta ta fita. Wani daga baya ya ce, “Sai Madam Ziro!” Aji ya fashe da dariya, ban kuwa tsawata ba. Muka rera baitinmu tana tsaye a rana tana jin mu.

Kwana uku ina ɗauke da abin. A sallah ma tambayar ba ta bar ni ba. A rana ta huɗu na sami malamin kimiyya na makarantar, wani dattijo ɗan asalin yankin, mai wa'azi a cocinsu ran Lahadi, wanda mahaifinsa ya yi aikin jirgin ƙasa. Na same shi shi kaɗai a ɗakin gwaje-gwaje, na rufe ƙofa, na faɗa masa tambayar kamar wani ne ya aiko ni.

Ya cire tabarau ya dube ni. “Alaramma, wane ne ya aiko ka? Ko baitin ne ya ƙi hawa?”

Na ce, “Ni ne ban sani ba.”

“To, yanzu ka yi magana. Zauna.”

Ya ce in tuna jirgi yana shigowa tasha yana rage gudu. In ana son sanin gudunsa daidai lokacin da ya wuce sandar sigina, sai a auna tafiyarsa a cikin minti guda bayan sandar, sannan a cikin daƙiƙa goma, sannan daƙiƙa ɗaya, sannan rabinta. Kowane awo da tazara ta gaske aka yi shi, ba a taɓa rabawa da sifili ba. Amma amsoshin suna ta matsowa kusa da lamba guda, wannan lambar ita ake nema. Ya sa na yi lissafin da hannuna har layi bakwai. Da na ga lambobin suna taruwa wuri ɗaya, sai na ji kunya ta rufe ni, domin abin bai fi ƙarfin yarinyar ba ko kaɗan. Ni ne na tsaya tsakaninta da shi.

Da a washegari na shiga aji na kira ta, da labarin ya canza. Amma sai na tsaya neman hanyar da zan ba da amsar ba tare da an gane cewa da ban sani ba. Na ce sai na ƙara nazari. Na ga kujerarta babu kowa, na ce wa raina wataƙila zazzaɓi ne. Haka mako uku ya wuce. Ranar da aka kawo mini takardar sunayen masu rubuta darasina domin in sa hannu, na tarar an ja layi a kan sunanta, da bironta, da hannunta. An kuma riga an aika rajista.

Ran Asabar na hau babur na tafi ƙauyensu. Lokacin shanyar citta ne, an tsaga ta an baza a kan duwatsu da tsakar gida, ƙamshinta har cikin maƙogwaro. Mahaifinta ya taso da sauri yana goge hannu.

“Malam da kansa? Sannu da zuwa. Lafiya dai? Ta yi wani laifi ne?”

Na ce, “Baba, ni na yi laifi. Ita na zo ba haƙuri.”

Ya sa aka kawo mini kujera da ruwa, ya kira ta. Ta durƙusa ta gaishe ni, idonta a ƙasa. A gaban mahaifinta da mahaifiyarta na ce mata tambayarta daidai ce, ranar ban san amsa ba, na kore ta ne domin in rufe jahilcina. Sannan na nuna cittar da ke gabanmu. Na ce in an auna buhu yau aka auna gobe, an san nauyin da ya ragu a kwana. In ana son sanin yadda take bushewa a daidai tsakar rana fa?

Ba ta bari na ƙarasa ba. Ta ce, “Sai a auna awa ɗaya. Sai minti ɗaya. Ana ta ragewa.” Ta dubi cittar. “Ashe ba ya kai ziro. Inda amsa yana tafiya ne ake duba.”

Na ce haka ne.

Ta ce, “Sa, da kun ce mini ba ku sani ba, ai da na jira.”

Babu zafi a muryarta, shi ya sa maganar ta fi yi mini ciwo. Mahaifinta ya ce Ubangiji yana gafarta wa mai tuba, su ma sun yafe. Ya cika mini leda da citta, na rasa yadda zan ƙi karɓa. Na koma na roƙi shugaban makaranta ko za a iya mayar da sunanta, ya ce an rufe. Ba ta karanta injiniya ba. Na ji daga baya ta yi karatun jinya, tana aiki wajen Kagarko, mutane suna yabonta. Wannan alherin Allah ne da ƙoƙarinta, ba ya goge abin da na yi.

Tun daga shekarar ban sake fara kalkulas da baiti ba. A sakandare da kwaleji, nakan fara da jirgi ko citta, in sa ɗalibai su yi ta rage tazara da hannunsu har su ga inda lambobi suka dosa, sai a ƙarshe in ba su baitin. Nakan kuma yi musu tambayarta a ranar farko, in ce wata ɗaliba ce ta yi mini ita ban iya amsawa ba. Yawanci sukan yi dariya, suna zaton salon koyarwa ne. Ban taɓa gaya musu cewa na fitar da ita waje ba, sai yau da na rubuta.

Allah ya yafe mini, ya saka mata da abin da ya fi wanda na hana ta. Kai kuma mai karatu, Allah ya sanya albarka a gare ka da iyalinka, ya haɗa 'ya'yanka da malaman da ba sa jin nauyin cewa ba su sani ba. Amin.