Ranar da Kaza Ta Fi Ni Daraja

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, wasu da gangan ma na manta su, amma ranar da na tsaya a bakin wata rijiya da igiya ɗaure a ƙuguna ba ta fita raina har in koma ga Allah.

Ni mahaƙin rijiya ne, ɗan mahaƙin rijiya, daga wajen Sifawa. Aji huɗu na yi a firamare, babana ya cire ni ya miƙa mini dagi. In kun ga rubutuna ya karkace, ku yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da ƙasa. Sama da shekara talatin ina shiga rami don wasu su sha ruwa, kuma har yau ɗakina na laka ne. In an gama rijiya, sai a kira manya, a shimfiɗa tabarmi, a yi ta yabon wanda ya ba da siminti. Mu da muka shiga ciki, a ce mu matsa baya don kada mu ɓata hoto. Wannan ne ya sa na zama mutum mai ɗacin baki, kuma ban ɓoye ba.

A wata bazara aka kira mu aiki a wani ƙauye kusa da Lambara, cikin ƙasar Shagari. An gama cire albasa, rana kamar ta fasa kai, matan ƙauyen suna tafiya mai nisa neman ruwa. Aka ce mutanen cocin Katolika ne suka ɗauki nauyin rijiyar, ko da yake duk ƙauyen babu Kirista ko ɗaya. Sun ba wani ɗan kwangila aikin, shi kuma ya ɗauke mu, ni da ƙanen matata da ke riƙe mini igiya. Akwai wani limaminsu, wanda kowa ke kira Fada, da yake zuwa jefi-jefi a tsohuwar mota ya duba. Hausarsa tsaf, ta mutanen kudancin Katsina. Ban taɓa gaishe shi ba. A ganina duk mai farar riga ɗaya ne, ko ta masallaci ko ta coci. Ga shi kullum ɗan kwangila na ce mana, "Ku yi sauri, Fada shina matsa mini, an sa ranar buki." Sai na ƙara tsanar mutumin.

Mun kai gaba goma sha biyu ruwa ya fara tsattsafowa. Ana son mu ƙara gaba biyu don kada ta ƙafe da rani, kuma saura kwana uku baƙi su zo. Kwashe ruwan da guga na cin lokaci, sai ɗan kwangila ya aro injin ban-ruwa na masu albasa. A yankinmu wannan injin kamar ɗan gida ne, kowa ya san shi, babu mai tsoronsa, don a fili muka saba ganinsa bakin fadama. Mesarsa ta yi gajarta, ba ta kai ƙasa ba. Sai ya ce a ɗaure injin da igiya a zura shi ciki, a ɗora a kan katako wajen tsakiyar rijiya. Haka aka yi. Tun hantsi yake ruri a ciki, yana fitar da ruwa, kowa na murna. Wajen azahar ya yi tari biyu ya mutu da kansa, alhali akwai mai a cikinsa.

Ɗan kwangila ya ce, "Sarkin rami, sauka ka tayar da shi, ka wuce ƙasa ka ci gaba."

Abu ɗaya babana ya bar mini wanda ya fi dagi, shi ne fitila. Ba ya shiga rijiya mai zurfi sai ya kunna fitilar ƙwai ya zura ta da zare. In ta kai ƙasa tana ci, akwai iskar da mutum zai shaƙa. In ta mutu a hanya, ranar babu aiki. Na kunna tawa na zura. Ko wajen injin ba ta kai ba, harshen wutar ya yi ƙasa, ya yi shuɗi, ya ɗauke. Na jawo na sake kunnawa. Ta sake mutuwa a wuri ɗaya.

Na ce, "Alhaji, rijiyar ga ba ta shiguwa yau."

Ya yi tsaki. "Fitila ce za ta hana mu aiki? Lagwaninka ne ya lalace. In tsoro kake ji, faɗa mini, akwai maza a Dandin Mahe da za su zo kafin la'asar. Amma ka sani, in ka bar wurin nan, ba ni ba kai, kuma zan faɗa wa kowa abin da ya faru."

Ya san inda zai taɓa. Mahaƙin da aka ce ya ji tsoron rami ya gama cin abinci a wannan sana'a. Rumbuna babu komai, damina da saura, ga iyali. Ƙanen matata ya ce mini a hankali, "Yaya, mu tafi gida." Na ce masa ya rufe mini baki. Na ɗauki igiya na fara ɗaurawa a ƙuguna, raina na tafasa. Yau in na tuna sai in ce wauta ce, amma a lokacin gani nake mutuwa ta fi a yi mini dariya a kasuwar Bodinga.

Ana cikin haka motar Fada ta tsaya. Ya fito yana share zufa, ya gaida Maigari da ke zaune ƙarƙashin dogon-yaro, ya tambayi abin da ya tara mutane. Kafin ɗan kwangila ya buɗe baki na riga shi.

Na ce, "Ga rijiyarka nan, mai farar riga. Tunda bukinka ba ya jira, zan shiga. In ban fito ba, ku shimfiɗa tabarmin a kaina."

Ya dube ni kamar bai gane ba, sannan ya dubi fitilar da ke ƙasa. Ƙanen matata ya yi masa bayani. Ɗan kwangila na ta cewa camfin mutanen da ne. Maigari, don ya raba gardama, ya ce, "To, a gwada da kaza mana. A sa ta kwando a zura."

Akwai wata tsohuwa da gidanta ke dab da wurin, ita ke kawo mana fura, kullum tana tsokanata wai ni mijinta ne da ya ƙi kawo cefane. Kazarta ce ke kiwo kusa da mu. Wani ya kai hannu zai kama, tsohuwar nan ta yi kururuwa ta taso da muciya.

"Kai! Wa ya aike ka? Kazata mai ƙwai za ku jefa cikin ramin ga da ya kashe wuta? Ku nemi ta uwarku!"

Wuri ya fashe da dariya. Ni ma na yi. Sai na ga Fada bai yi ba. Ya bari dariyar ta lafa, ya ce, "Inna ta yi gaskiya, ta hana a saka kazarta. To, wannan bawan Allah da ke tsaye da igiya, wa ya hana a saka shi?"

Na dubi ƙuguna. Wallahi sai a lokacin na ga kaina yadda nake: mutum mai 'ya'ya biyar, a ɗaure kamar guga, kuma duk taron nan kaza ce kawai ta samu mai tsaya mata. Tsohuwar ta saki muciya ta kama baki.

Maigari ya aika aka kamo zakaransa. Aka sa shi kwando aka zura, aka ɗan jira, aka jawo. Ya fito wuya a lanƙwashe, ido a juye, ƙafa ɗaya na motsi da ƙyar. Maigari ya daka tsawa, "Ku kawo wuƙa kada ya zama mushe!" Nan take aka yanka shi. Ina kallon jinin a ƙasa, na nemi wuri na zauna.

Fada ya tsuguna gabana, da hannunsa ya kwance igiyar. Ƙullin ya yi tauri, sai da ya sa haƙori. Yana kwancewa yana magana, ba da ƙarfi ba. Ya ce shi bai taɓa cewa a yi sauri ba, buki kuma ana iya ɗaga shi zuwa kaka in ta kama. Ya ce abin da cocinsu ke koya musu shi ne mai aiki ya fi aikin daraja, don Allah ne ya halicci mai aikin, rijiya kuwa mu muka haƙa ta. Ya ce duk wanda ya sa mutum aiki, wajibi ne ya tsare masa lafiyarsa, ya bar shi ya huta, ya ba shi abin da zai riƙe gida, kuma ma'aikaci na da ikon ya ce a'a ba tare da an kore shi ba. Har ya ce a wurinsu Almasihu kansa aikin kafinta ya yi shekaru, saboda haka ba su da bakin raina mai kanta a hannu.

Na ce, "Ni fa Musulmi ne, kada ka ce za ka ja ni."

Ya yi dariya. "Na ja ka daga rijiya, ya ishe ni na yau."

Ya juya ga ɗan kwangila, a gaban kowa, ya ce babu mai shiga sai fitilar wannan malamin ta yarda. Malamin, wai ni. Ya ce kwanakin da za a jira kwanakin aiki ne, ba za a zaftare wa kowa ba, kuma a nemo doguwar mesa injin ya zauna a sama. Ɗan kwangila ya so ya yi musu, Maigari ya ce masa, "Alhaji, zakarana ya riga ya yi magana."

Sai Fada ya tambaye ni yadda ake fitar da mugunyar iskar da hayaƙin injin ya tara a ciki. Shekara talatin babu mai farar rigar da ya taɓa tambayata yadda ake yin komai. Na ce a saro rassan dogon-yaro masu ganye, a ɗaure su dami guda, a riƙa zurawa ana jawowa da sauri. Ya tuɓe farar rigarsa ya rataye a mota, ya kama igiya tare da mu. Bai iya ba, tafin hannunsa ya yi ƙuna kafin la'asar, na ce masa hannun nan littafi kawai ya sani. Tsohuwar nan ta dafa zakaran, ta zuba mini cinya biyu, ta ce, "Ci, mijina, na yi maka laifi." A kwano ɗaya muka ci da Fada.

Sai a rana ta uku fitila ta kai ƙasa tana ci. Na sauka na ƙara gaba biyun. An ɗaga buki da mako guda, kuma sama ba ta faɗo ba. Ranar bukin, da aka ce mu matsa baya, Fada ya ƙi, ya ce a fara ba mahaƙa ruwan. Ni na fara sha.

Da na koma gida na ba limamin unguwarmu labari. Ya ce ai duk wannan yana cikin addininmu, haƙƙin ma'aikaci ba abin wasa ba ne. Na ce, "Allah gafarta Malam, to ku riƙa faɗa da ƙarfi, don masu ba mu aiki a sahun gaba suke zama." Jumma'ar da ta biyo ya faɗa.

Ban sake ganin Fada ba, an ce an mayar da shi wani gari. Ban yi arziki ba, bakina kuma bai daina ɗaci ba. Amma mu mahaƙan da ke tsakanin Bodinga da Shagari mun haɗa kai a kan magana ɗaya: inji ba ya shiga rijiya, mutum ba ya shiga sai fitila ta shiga, kuma in an kori ɗayanmu saboda haka, babu wanda zai karɓi aikin. Sau biyu na rasa aiki a kan wannan, amma na dawo gida da ƙafafuna.

Abin da ranar ta koya mini shi ne talauci na iya sa ka karɓi aiki mai wuya, amma bai kamata ya sa ka ɗaure kanka da hannunka ba. Na yi shekaru ina zagin mutane don ba su san darajata ba, ashe ni ma ban sani ba. Yanzu duk wanda ya ce in sauka, sai in kunna fitilata in zura, in tsaya ina kallonsa. In ta mutu, nakan miƙa masa igiyar.